Bani da saurayi, zan iya yiwa Mama da ƙawayena wani abu ranar masoya?

Wata 'yar'uwa ce ta turo tambaya, tace ita a yanzu bata da saurayi, gashi 14 ga Fabrairu na matsowa, tana so ta ɗan yiwa mahaifiyarta da ƙannenta da wasu ƙawayenta wani abu a ranar, amma da ta faɗawa wata ƙawarta sai ta kwashe da dariya wai ai ranar masoya ce ba ranar dangi ba, wai borin kunya ne kawai irin na wanda ya rasa. Shine take tambaya, da gaske ranar ta saurayi da budurwa ce kaɗai? In kuma ba haka bane, me zata yi da bazai zama abin dariya ba?

Toh 'yar'uwa, ƙawarki bata da gaskiya, kuma ba lallashinki nake ba. Aikina kenan zama da ma'aurata da iyalai in zama yayi tsami, kuma duk shekara in Fabrairu ya kama sai an kawo min irin wannan maganar, wata tazo da fushin miji bai siyo mata komai ba, wata kuma irinki tana jin kamar duniya ta ware ta saboda ba wanda zai aiko mata da jan fure. Bari mu fara da tarihin ranar tunda a nan ƙawar taki ta kafa hujjarta.

Shi Valentine ɗin da ake kiran ranar da sunansa ba mawaƙin soyayya bane, malamin addinin Kirista ne da aka kashe zamanin daular Rum a ƙarni na 3, wajen shekara ta 270, kuma ma ba mutum ɗaya bane, akwai na birnin Rum akwai kuma wani bishop na garin Terni a Italiya, duk ranar 14 ga Fabrairu ake tunawa da su. Labarin nan da ake yawo da shi duk shekara, wai sarki ya hana sojoji aure shi kuma yana ɗaura musu a ɓoye, ko wai ya rubutawa 'yar mai gadin kurkuku wasiƙar soyayya kafin a kashe shi, ƙari ne da akayi ta yi daga baya. A 496 ake cewa Fafaroma Gelasius ya saka ranar cikin ranakun coci, kuma daga nan aka shafe kusan shekara 900 ranar tunawa da wanda aka kashe saboda addininsa ce kawai, ba fure ba kati ba zancen budurwa. Wanda aka fara samu ya haɗa ranar da soyayya a rubuce shine mawaƙin Ingila Geoffrey Chaucer wajen 1380, shima tsuntsaye yake magana a kai, yace a ranar ne kowane tsuntsu yake zuwa ya zaɓi abokin zamansa. Daga nan masu sarauta a Ingila da Faransa suka ɗauka suna rubutawa juna waƙoƙi. Abinda ya kai ta ga talakawa kuwa gidan waya ne, a 1840 Birtaniya ta sauƙaƙa kuɗin aika wasiƙa ya koma kobo ɗaya nasu tak, kuma mai aikawa ne ke biya, sai ya zama kowa na iya jefa kati ba tare da ya sa sunansa ba. A Amurka wata mata Esther Howland ta fara sana'ar haɗa katunan a ƙarshen shekarun 1840, kamfanin Cadbury ya shigo da akwatin cakulan mai ado a shekarun 1860, shikenan 'yan kasuwa suka karɓe ragamar. Ita cocin Katolika ma a 1969 ta cire ranar daga babbar kalandarta.

Kinga kenan ba wani da ya zauna ya rubuta doka yace ranar ta saurayi da budurwa ce. Mawaƙa suka ɗora nasu, masu sayar da kati da fure suka ɗora nasu, kuma har yau kowace ƙasa tana juya ta yadda ya dace da ita.

A Finland sunan ranar ma Ranar Aboki, tun da ta shiga ƙasar a shekarun 1980 a haka ta shiga, abokai ake aikawa kati da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan aiki, masoya suna ciki amma basu ne masu ranar ba. Maƙwabciyarsu Estoniya haka take. A Meksiko ranar soyayya da abota suke ce mata. Kolombiya kuwa nasu a watan Satumba suke yi, kuma babban abinda akeyi shine wasan aboki na ɓoye, a ofis ko a aji ko a gida sai a rubuta sunayen kowa a ƙananan takardu a cakuɗa, wanda ka zaro kai zaka dinga ajiye masa alawa a ɓoye na wasu kwanaki, ranar ƙarshe a haɗu a bayyana waye na waye a bada kyauta. A makarantun firamare na Amurka yara suna kawo kati, kuma a makarantu da yawa ƙa'idar ita ce in zaka kawo to ka kawowa duk 'yan aji, kar a bar yaro ɗaya yana zare ido hannu rabbana. Nan ma a Amurka, daga wani shirin barkwanci na talabijin a 2010 aka samo al'adar mata su haɗu da ƙawayensu ranar 13 ga wata suci su sha ba namiji a wajen, abin wasa ne a fim amma yanzu ya zama gaske har shaguna na tallarsa.

Japan ce ta fi bani sha'awa, domin a can zaki ga amfanin abin da kuma illarsa a waje ɗaya. Mata ne ke bada cakulan ranar 14 ga Fabrairu, maza su rama ranar 14 ga Maris, al'adar ramuwar nan ta faro a 1978. Amma cakulan ɗin kala kala ne, akwai na wanda ake so da gaske, akwai na ƙawaye, akwai kuma na dole wanda mace zata siya ta rabawa maza abokan aikinta da shugabanninta ba don tana so ba sai don kar ace bata da kirki. Wannan na dolen ya zame wa mata da yawa ƙarfen ƙafa, har a 2018 kamfanin Godiva, masu sayar da cakulan ɗin da kansu fa, suka sa talla a jarida suna cewa a daina shi haka. Ki riƙe wannan a ranki, zamu dawo kansa.

Akwai maganar addini, nasan wasu tuni sun fara shirin rubuta min ita. Malaman Musulunci da yawa sun hana bikin ranar saboda asalinta da kuma irin abinda ake aikatawa a cikinta, akwai ƙasashen da hukuma ma ta shiga ciki, a Pakistan babbar kotun Islamabad ta hana bikinta a bainar jama'a a 2017, Saudiyya ma ta daɗe tana hanawa kafin a sassauta. Cikin Kiristoci ma akwai waɗanda basa yi. Ni ba mai fatawa bace, wannan ki koma wajen malaminki. Abinda zance kawai shine duk abinda zan faɗa daga nan zuwa ƙasa baya buƙatar 14 ga Fabrairu, zaki iya yinsa ranar 10 ga wata ko 3 ga Yuni kuma ba abinda zai ragu. Faɗawa mutum kana sonsa ai ba Turawa suka kawo ba, akwai hadisi a Abu Dawud da Tirmizi cewa idan mutum yana son ɗan'uwansa to ya sanar da shi, akwai kuma wanda yake cewa kuyiwa juna kyauta zaku so juna. Ni a wajena amfanin ranar ɗaya ne, tana tunatar da mutum. In kuma ranki bai kwanta da ita ba ki zaɓi wata ranar ki sa a waya ta tuna miki.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Tunanin da ke ƙarƙashin dariyar ƙawarki shine soyayyar saurayi ko miji ita ce ta gaske, sauran duk cikon benci ne. Wannan tunanin yana cutar da marasa aure, yana kuma cutar da masu auren fiye da yadda suke zato. Na sha ganin mace tayi aure ta watsar da ƙawayenta kaf, ta rage zuwa gida, ta ɗora komai a kan mutum ɗaya, shine abokin hira shine mai lallashi shine mai bada shawara shine zai ji ƙorafin wajen aiki shine zai lura ta canza kitso, toh wane ɗan adam ne zai iya ɗaukar wannan duka? Ranar da ya gaza a ɗaya sai taji kamar duniya ta ƙare, alhali da tana da yayar da zata kira ko ƙawar da zasu yi dariya tare da abin bai kai haka ba. Maza ma haka, nasu ma ya fi muni, da yawa in matar ta rasu ko aka rabu sai ka tarar bashi da wanda zai buɗewa cikinsa ko mutum ɗaya.

Kuma wannan ba ra'ayina bane kawai. A 2010 wata mai bincike Julianne Holt-Lunstad ta jami'ar Brigham Young da abokan aikinta suka tattara bincike 148 da ya shafi mutum sama da 300,000, suka ga waɗanda ke da ƙaƙƙarfar alaƙa da mutane sun fi waɗanda basu da ita yiwuwar ci gaba da rayuwa da kusan kashi 50 cikin ɗari a tsawon lokacin da aka bibiye su, kuma ba aure kaɗai aka duba ba, harda dangi da abokai da shiga cikin jama'a. Akwai binciken jami'ar Harvard da aka fara tun 1938 da maza 724, ana binsu daga samartaka har tsufa yanzu har an koma kan 'ya'yansu, abinda yayi ta fitowa shine ingancin alaƙar mutum da na kusa da shi yana hasashen lafiyarsa da kwanciyar hankalinsa a tsufa. Abin ya kai Birtaniya ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a 2018, Japan tayi nata a 2021, babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin Vivek Murthy ya fitar da gargaɗi a 2023 yana kwatanta illar rashin cuɗanya da ta shan sigari. Rai dai a hannun Allah yake, amma kin gane abinda nake nufi, Mama da ƙawayen nan naki da ake yiwa kallon na rage zafi suna cikin abinda ke riƙe da lafiyarki.

Wani mai bincike Robin Dunbar na jami'ar Oxford yana da wani lissafi da nake yawan amfani da shi, yace mutum na iya riƙe alaƙa da mutane kamar 150, amma a cikinsu na jiki sosai kamar 5 ne, sai zagaye na biyu kamar 15, sai 50. Abinda ya fi min amfani a aikinsa shine bambancin dangi da abokai, da suka bibiyi ɗalibai da suka gama sakandare suka watse, sai aka ga alaƙar dangi tana jure rashin haɗuwa, zaki iya wata shida baki kira yayanki ba kuma yana nan a yayanki, amma abota in ba'a waiwayarta sanyi take yi da sauri. Zumunta a ƙafa take dama, amma ta ƙawaye tafi buƙatar ƙafar. Saboda haka in lokacinki kaɗan ne a ranar, ki tuna da ƙawar nan da kuka yi shekara kuna cewa sai mun yi waya baku yi ba.

Toh me zaki yi? Kafin ki je kasuwa ki zauna da biro da takarda ki rubuta sunaye, kar su wuce biyar ko shida. Kusa da kowane suna ki rubuta abu ɗaya tak da mutumin ya taɓa miki wanda baki manta ba. Ba "tana da kirki" ba, ba "uwa ta gari" ba, wannan kowa na iya faɗa, abu nake nufi mai rana da waje. Daren da aka kwantar da ke asibiti ƙawarki ta kwana a kan kujerar roba a baranda da cajar wayarki a hannu. Lokacin da kika faɗi jarabawa kowa na faɗa ƙaninki ya shigo ɗaki ya zauna a bakin gado bai ce komai ba. Rigar da Mama ta fasa ɗinkawa kanta shekarar da aka biya miki kuɗin makaranta, tana zaton baki sani ba. Wannan jimla ɗayar ita ce kyautar, duk abinda zaki siya rakiya ne.

Nasan abinda zaki ce, kunya. Zaki ce ai in na kira Mama nace ina sonki sai ta zaci wani abu ya same ni. Gaskiya ne kuma hakan zai faru. Wata da nake gani a wajen aiki na bata irin wannan aikin, ta kira mahaifinta a gabana ta sa a sifika, yana ɗagawa yace lafiya dai? Tace lafiya lau Baba. Yace toh me ya faru, kuɗi ne? Tace a'a, kawai na tuna lokacin da kake tashi da asuba ka raka ni bakin titi in hau motar makaranta kana riƙe da jakata, ban taɓa ce maka na gode ba. Shiru yayi har ta duba ko layin ya katse, sai yayi gyaran murya yace toh, toh madalla, Allah ya miki albarka, kin ci abinci? Ya kashe. Duka wayar bata kai minti biyu ba, ita har ta fara cewa kinga ai na faɗa miki bazai gane ba. Da daddare mahaifiyarta ta kira tana tambaya me kika cewa babanku ne yau, tun ɗazu yake bani labarin zamanin da kike firamare. Manya da yawa haka suke, basu iya amsa irin wannan maganar ba saboda suma ba'a taɓa faɗa musu ba, kar ki auna shigar maganar da abinda suka ce a take.

An ma yi bincike a kan wannan kunyar. Amit Kumar da Nicholas Epley a jami'ar Chicago sun sa mutane sun rubuta wasiƙar godiya ga wani da ya taɓa musu alheri, suka ce su hasaso yadda zai ji, sannan suka je suka tambayi waɗanda aka aikawa, sakamakon ya fito a 2018. Masu rubutawa sun raina irin farin cikin da wasiƙar zata jawo, sun kuma zuzuta yadda abin zai zama banbaraƙwai. Dalilin kuwa, mai rubutu hankalinsa na kan ko kalmomin sun tsaru ko na faɗa daidai, shi kuma mai karɓa ba ruwansa da tsarin kalma, abinda ya gani shine an tuna da shi. Daga baya su biyun suka sake gwada wani, a tuntuɓi tsohon aboki ta waya ko ta rubutu, yawanci suka ce gara rubutu don waya zata yi nauyi, amma waɗanda suka kira sun fi jin kusanci kuma nauyin da ake tsoro bai ƙaru ba. Don haka in zai yiwu ki je da ƙafarki, in bazai yiwu ba ki kira, in kiran ma ya gagara ki tura saƙon murya. Saƙon nan da ake kwafowa mai jan zuciyoyi ashirin a turawa mutum hamsin lokaci ɗaya a WhatsApp, dan Allah ki bar shi, kowa na gane shi daga layin farko.

Maganar kyauta kuwa bazan daɗe ba. Francis Flynn da Gabrielle Adams na jami'ar Stanford sun nuna a 2009 cewa masu bada kyauta suna zaton tsadarta ce ke ƙara godiya, su kuma masu karɓa tsadar bata canza musu komai sosai. Abinda na gani a aiki shine kyautar da ke nuna kin lura ita ke zama a rai, Mama ta daɗe tana matse ido in zata karanta saƙo ki kaita a duba mata ido, ƙanwarki na son zane ki siyo mata kayan zane, ƙawarki mai jego ba turare take buƙata ba, ki je ki riƙe mata jaririn awa biyu tayi barci. Kar ki ci bashi saboda rana ɗaya. Kuma ki tuna da cakulan ɗin dole na Japan, ranar da kika fara lissafin in na ba wance dole in ba wance kar taji haushi, har sunaye suka kai talatin, toh kin bar nuna ƙauna kin koma biyan haraji, kuma baɗi za'a zuba ido ana jira. Shi yasa nace biyar ko shida.

In kina son taro, ki tara ƙawayen a gida kowa ya kawo abinda ya sawwaƙa, ko ku yi irin wasan Kolombiya na zaro suna, yana da daɗi musamman da yara a gida don kowa na samu kuma kowa na bayarwa. Abu ɗaya zan roƙe ki, kar zaman ya koma majalisar zagin maza da tsinewa tsofaffin samari. Na ga ana yi, ana farawa da dariya a ƙare kowa ya koma gida zuciya a dagule, kuma in kin duba ranar ta sake komawa kan samarin da ake cewa an manta da su.

Akwai wuraren da ake zamewa. In cikin abokanki akwai namiji wanda ba muharraminki ba, ki yi hattara da ranar da kuma kalar kyautar, duk bayanin Finland da zaki yi masa jan fure ranar 14 ga Fabrairu sunansa jan fure, zai fassara shi yadda duniya ke fassarawa ko matarsa ta fassara masa, in godiya kike son yi masa ki bari wata ranar kuma a fili. In Mama na cikin waɗanda basa son jin sunan ranar, kar ki je kina ce mata albarkacin ranar masoya, ki kai mata abinki kawai ki faɗi maganarki, ba sai kin sa masa suna ba. Masu aure da ke karanta wannan kuma, in kun saba yiwa juna wani abu a ranar kar ki wayi gari ki ce bana ta ƙawaye ce ba tare da kun yi magana ba, faɗaɗa abin akeyi ba musanya ba.

Sai waɗanda ranar ta fi yiwa nauyi, kuma su aka fi mantawa. Matar da mijinta ya rasu bara, wadda aurenta ya mutu watanni kaɗan da suka wuce, wanda aka fasa bikinsa, dattijon da 'ya'ya duk sun watse. Mutane na gudun kiransu wai kar a tuna musu, kamar dama sun manta. Basu manta ba, tun da suka buɗe waya da safe suke gani. Ki kira, kar ki ce na san yau kina cikin kewa, ki ce kin faɗo min a rai ne nace bari in ji muryarki, in ta kawo zancen mamacin ki saurara ki ambaci sunansa ki yi masa addu'a, kar kiyi saurin kawar da zancen. In ba ta kawo ba ku yi hirarku ta duniya.

Batun ɗora hotuna a sitatus da Facebook, ban ce haramun bane, amma ki tambayi kanki wa kike yiwa. Na sha ganin dogon rubutu a kan uwa ta gari da hotonta an sha ado, ita uwar bata ma da Facebook ɗin, tana gida tun safe ba wanda ya kira ta. In zaki ɗora ki fara faɗawa mai abin tukun, kuma ki nemi izini kafin ki sa hoton mutum, ba kowa ke so ba. In kuma kin san ranar zaki wuni kina leƙa sitatus ɗin mutane kina ganin fure da akwatuna ranki na ɓaci, ki ajiye wayar, ki tuna ni nake ganin wasu daga cikin masu irin hotunan nan a ofis bayan sati biyu.

Wani abu kuma da bana so ki yaudari kanki a kai, yiwa Mama da ƙawaye wannan ba zai goge miki son samun naki mijin ba, kuma ba laifi bane in da daddare kin ɗan ji wani iri. Ana iya jin duka biyun, ki gode da waɗanda kike da su kina kuma fatan wanda bai zo ba. Abinda nake ƙi shine ki ɗauki na farkon a matsayin maneji kafin na biyun ya iso, domin irin wannan tunanin ne ke sa ranar da saurayi ya bayyana a nemi mutum a rasa, Dunbar ɗin nan ma ya taɓa bada rahoton cewa shiga sabuwar soyayya kan ci mutum kusan biyu daga cikin na jikinsa. In kin fara bana, ki ci gaba ko bayan an ɗaura.

Ita kuma ƙawar da tayi miki dariya, kar ki tsaya musu da ita ko ki tura mata tarihin Fafaroma Gelasius. Sau da yawa mai irin wannan dariyar ita ma ranar na damunta ne ta wata fuskar, ko nata saurayin baya yi mata abinda take nunawa mutane yana yi. In tana cikin biyar ɗinki ki sa sunanta a takardar, ki nemo abu ɗayan da ta taɓa miki, ki kira ta kamar kowa. In bata ciki kuma ki ƙyale ta, ba sai kin sanar da ita shirinki ba.